PlayStation 6: Kafin Ka Ƙirga Ƙarfinta, Fara Tambayar Kuɗinta

Yau zan ɗan kauce hanya in kai ku shagon gem, da fatan ba za ku ce na ɓata muku fili ba.

Kwanakin baya ɗan yayata ya same ni bayan sallar isha'i. Yana da ɗan shagon gem a unguwarsu, PS4 guda huɗu da talabijin huɗu da janareta, kuma da shagon yake riƙe kansa har yana taimaka wa mahaifiyarsa. Ya ce, "Kawu, kai da kake bin waɗannan abubuwan, na tara kuɗin PS5 guda biyu. In saya yanzu, ko in jira PS6 ɗin da ake cewa ta kusa?" Sai ya miƙo mini wayarsa. Wani ne a bidiyo yake rantsuwa cewa sabuwar za ta ninka PS5 sau goma, za ta yi 8K kamar shan ruwa, kuma ranar fitowarta ma an riga an sa. Abin da ya fi damuna, na taɓa ganin irin wannan magana an juya ta zuwa Hausa an saka a shafuka, an cire duk wani "wai" da "ana zaton" da ke cikinta, ta koma kamar sanarwar kamfani. Yaro kuma tarin kusan shekara biyu zai ɗora a kan wannan magana.

Ra'ayina shi ne, hasashen abin da zai kasance cikin na'urar gem da ba ta fito ba abu ne mai yiwuwa, kuma ba duba ba ne. Sai dai yawancin masu yin sa ta wutsiya suke kamo shi. Suna farawa da tambayar ƙarfin da na'urar za ta iya samu, alhali kamfanin da ke ƙera ta da wata tambaya yake farawa: nawa uban yaro zai iya cirewa daga aljihunsa? Farashin ake fara yankewa, sannan a zuba kayan da kuɗin zai iya ɗauka. Wanda ya gane farashi ya gane rabin na'urar.

Ni ma na taɓa faɗawa ramin da nake gargaɗi a kansa. A 2020, da Microsoft ta ce Xbox Series X tana da teraflof 12, Sony kuma ta ce PS5 tana da 10.28, na zauna a majalisa ina bugun ƙirji cewa Sony ta sha ƙasa. Sha biyu ta fi goma, wane bayani kuma ake nema? Na'urorin suka fito a watan Nuwamba na shekarar, duka biyun a kan dala 499, masu gwada wasanni suka jera su gefe da gefe. A wasanni da yawa sai ka ƙura ido sosai kafin ka ga bambanci, a wasu na farko-farko ma, irin su Assassin's Creed Valhalla, PS5 ce ta fi tafiya sumul. Zuwa 2025 Sony ta sanar da cewa ta sayar da PS5 fiye da miliyan 80. Microsoft kuwa ta daɗe da daina faɗin adadin nata. Har yau in gardama ta tashi akwai wanda ke tuna mini da wannan bugun ƙirjin.

Bari mu buɗe wannan teraflof ɗin mu ga abin da ke ciki, tunda da shi ake ruɗar mutane. Teraflof ɗaya na nufin lissafi tiriliyan ɗaya a daƙiƙa guda. Injin da ke zana hoto a cikin PS5 yana da rukunoni 36, kowane rukuni yana da ƙananan ma'aikata 64, kowane ma'aikaci yana lissafi biyu a bugu ɗaya, injin kuma yana iya bugawa sau biliyan 2.23 a daƙiƙa. Ka ninka waɗannan lambobi, 10.28 za ta fito maka. Na Xbox rukunoni 52 ne, amma bugunsu biliyan 1.825 ne. Wato ɗaya leburori 52 ya ɗauka masu tafiya a natse, ɗaya kuma 36 masu sauri. Lambar tana gaya maka iyakar bulon da za su iya ɗauka in komai ya tafi daidai. Ba ta gaya maka ko motar yashi ta iso da wuri, ko magini ya san aikinsa, ko rabin leburorin suna tsaye suna jiran siminti. A cikin gem kuwa, jiran nan shi ne mafi yawan matsalar. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Kuma lambar kanta tana kumbura. Kafin fitowar PS5 Pro an yi ta yawo da cewa teraflof ɗinta 33.5 ne. Da Mark Cerny, wanda ya jagoranci tsara PS4 da PS5, ya yi bayani a watan Disamba 2024, sai ya ce 16.7 ne, salon ƙirga ne kawai ya ninka lambar. Ita kanta Sony abin da ta yi alkawari shi ne Pro za ta iya fin PS5 saurin zana hoto da kashi 45 cikin ɗari. Duk wanda ya rubuta wa mutane cewa Pro ta ninka PS5 sau uku, gaskiyar wani ya ɗauko bai auna ba.

Wani zai ce to ai akwai bayanan sirri da ke fita daga cikin kamfanonin. Akwai, kuma wasu na gaskiya ne. Amma ko na gaskiyar hoton rana ɗaya ne na abin da bai gama nuna ba. A watan Satumba 2023, lokacin shari'ar da hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta yi da Microsoft kan sayen kamfanin Activision, takardun cikin gida na Microsoft suka fita bainar jama'a bisa kuskure. A ciki har da hoton wata sabuwar Xbox mai siffar gwangwani da aka yi wa laƙabi da Brooklin, wadda aka shirya fitarwa a 2024. Takarda ce ta kamfani, ba ƙage ba ce, amma wannan gwangwanin bai taɓa zuwa kasuwa ba. A 2021 an cika duniya da labarin wata Switch Pro mai 4K, abin da Nintendo ta fitar a watan Oktoba kuwa Switch ce dai da sabon allo, ƙarfinta bai canza ba. Wani lokaci kuma kuskuren ta ɗaya gefen yake zuwa: kafin Fabrairu 2013 masu hasashe ram mai giga 4 suke ba PS4, sai Sony ta tsaya a gaban jama'a ta ce giga 8. Ko abin da aka buga a jikin kwali ba shi da tabbas. Kwalin PS5 na farko yana ɗauke da tambarin 8K ɓaro-ɓaro, daga baya aka cire shi shiru.

To mu koma kan kuɗi, inda na ce maganar take.

Sony ta san daɗin farashi kuma ta san zafinsa. A 1995, da Sega ta sa wa Saturn dala 399 a Amurka, Sony ta sa wa PlayStation ta farko 299, kuma wannan dala ɗarin ta taimaka wajen karya Sega. A 2006 sai girman kai ya ɗebe ta. Ta ƙera PS3 da wata ƙwaƙwalwa ta musamman mai suna Cell, wadda aka yi da haɗin gwiwar IBM da Toshiba, ga na'urar faifan Blu-ray da ke sabuwa fil a lokacin. Babbar cikinsu ta fito a kan dala 599, kuma duk da haka faɗuwa Sony take yi a kan kowace guda da ta sayar. Masu haɗa wasanni suka yi ta kuka da wahalar Cell. A shekarar nan dai Nintendo ta fitar da Wii, wadda ko kusa ba ta kama ƙafar PS3 a ƙarfi ba, a kan dala 249, ta sayar da fiye da miliyan 100. Sai da aka sauko da PS3 zuwa dala 299 a 2009 sannan ta fara numfashi da kyau.

Darasin ya shiga. A 2013 Sony ta watsar da ƙwaƙwalwa ta musamman, ta je wurin AMD ta ɗauko irin tsarin da kwamfutoci ke amfani da shi, ta sa wa PS4 dala 399. Microsoft ta haɗa Xbox One da kyamarar Kinect ta ce 499. PS4 ta wuce miliyan 117. Tun daga nan duk abin da Cerny ya tsara, za ka ga alamar mutumin da aka ba kuɗin cefane ƙayyadadde aka ce ya ciyar da gida.

Ga abin da ya sa nake ganin wannan karon ya bambanta da duk na baya. A da, na'urar gem tana tsufa tana araha. PS2 ta fara a dala 299, ta sauko 199 a 2002, ta ƙare a 99. PS4 ta fara a 399, cikin shekara uku ta koma 299. PS5 fa? Ta fara a 499, a watan Agusta 2025, tana dab da cika shekara biyar, aka ɗaga ta zuwa 549 a Amurka. Wadda ba ta cin faifai ta tashi daga 399 zuwa 499. Xbox Series X sau biyu aka ƙara mata kuɗi a 2025, daga 499 zuwa 599, daga nan zuwa 649. PS5 Pro ta fito a watan Nuwamba 2024 a kan 699, babu ko wurin saka faifai, sai ka saya daban. Mai hasashen da ya tsallake wannan jerin lambobi ya tafi zancen teraflof, bai fara aikin ba tukuna.

Me ya kawo haka? Akwai harajin shigo da kaya da hauhawar farashi, amma akwai dalili mai zurfi a ƙarƙashinsu. Ƙwaƙwalwar waɗannan na'urori kamfanin TSMC na Taiwan ne ke buga ta, kuma shekara da shekaru abin da ke saukar da farashi shi ne ƙanƙantar da transistocin da ke cikinta. PS4 ta fara da tsarin nanomita 28, bayan shekara uku aka koma 16: ƙwaƙwalwar ta ƙanƙance, wutar da take sha ta ragu, fanka da akwatin suka ragu, kuɗi ya sauko. PS5 ta fara da nanomita 7, gyaran da aka yi mata ya kai ta 6 ne kawai. Har yanzu ana ci gaba da ƙanƙantarwa, sai dai kowane sabon mataki tsadarsa ta fi ta na baya nesa ba kusa ba, ga kuma manyan masu kuɗi irin su Apple da Nvidia a gaban layi.

Sai maganar ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke baza kayan aikinta a kai yayin da ake wasa. Ku dubi wannan tarihi da kyau, domin ni a wurina ya fi kowane bayanan sirri faɗin gaskiya. PlayStation ta farko babbar ram ɗinta mega 2 ce. PS2 mega 32, ninki 16 ke nan. PS3 mega 512 in an haɗa duka, wani ninki 16. PS4 giga 8, ninki 16 kuma. PS5 giga 16. Ninki biyu kacal. Sau uku a jere ana tsallen goma sha shida, sai ga shi an dawo ana taku biyu, kuma wannan tun kafin guguwar ƙirƙirarriyar basira ta taso. Yanzu kamfanoni uku ne, Samsung da SK Hynix da Micron, ke yin mafi yawan ram ta duniya, kuma cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da suke yi a farashin da mai na'urar gem ba zai iya ja da su ba. A ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabo, har Micron ta sanar a watan Disamba cewa za ta rufe Crucial, sashenta da ke sayar wa talakawan masu kwamfuta. Saboda haka in ka ga wani ya rubuta cewa PS6 za ta zo da giga 64 a kan dala 499, tambaye shi wa zai biya cikon.

Bayan kuɗi sai zafi. Wannan mu ba sai an yi mana dogon bayani ba, duk wanda ya zauna a shagon gem a watan Afrilu ya ji yadda fankar PS4 ke kuka kamar jirgi zai tashi, balle in ƙurar hunturu ta riga ta toshe mata hanci. Duk wutar da na'ura ta sha, zafi take komawa, kuma dole a fitar da shi. Microsoft ta koyi wannan da tsada: Xbox 360 ta riƙa mutuwa tana nuna jan zobe, har a 2007 kamfanin ya ware fiye da dala biliyan ɗaya don gyara. PS5 tana shan wajen wat 200 in ana wasa mai nauyi, kuma don a sanyaya wannan ne ta fito da tsawon santimita 39 da nauyin kilo huɗu da rabi, har da narkakken ƙarfe aka shafa tsakanin ƙwaƙwalwar da abin sanyayawa. Katin hoto na kwamfuta mafi ƙarfi a yau shi kaɗai yana shan fiye da ninki biyu na wannan, kuɗinsa kuma ya sayi PS5 uku da canji. Ba za a cusa irinsa cikin akwatin da za a ajiye ƙarƙashin talabijin ba. Rufin ɗakin ke nan, kuma PS5 ta riga ta kusa taɓa shi da ka.

In kuɗi ya ɗaure ka, zafi ya ɗaure ka, ina za ka samo ci gaban da za ka nuna wa mutane? Nan ne abin da Sony ta faɗa da bakinta yake da amfani, kuma abin mamaki shi ne masu hasashe suka fi yin watsi da shi, wataƙila don ba shi da armashin sirri. PS5 Pro ta zo da wata dabara mai suna PSSR. Maimakon injin ya wahala yana zana kowane ɗigo na hoton 4K, wanda ya haura ɗigo miliyan takwas, sai ya zana ƙaramin hoto, wani sashe da aka horar da ƙirƙirarriyar basira ya cike sauran. Nvidia ta riga kowa da irin wannan, tana kiran nata DLSS, kuma da shi Switch 2, wadda ta fito ranar 5 ga Yuni 2025 a kan dala 449, take ɗaukar wasannin da a da sun fi ƙarfin na'urar hannu. A watan Disamba 2024 Sony da AMD suka sanar da wani aikin haɗin gwiwa mai suna Project Amethyst. A watan Oktoba 2025 Cerny ya fito tare da Jack Huynh na AMD suka bayyana abubuwa uku da suke aiki a kai: haɗa rukunonin injin hoto su yi aikin ƙirƙirarriyar basira tare, ware wani sashe na musamman don bin sawun haske, da matse bayanai domin a rage cunkoso tsakanin injin da ram. Cerny ya nuna cewa na'urar da za ta ɗauki waɗannan tana nan tafe cikin 'yan shekaru. Ku lura, duka ukun dabarun tsimi ne. Mutumin da ke shirin ninka ƙarfi sau goma ba ya ɓata lokacinsa yana koya maka yadda ake tattalin hanya.

Bin sawun hasken nan, ga wanda bai sani ba, shi ne na'ura ta lissafa yadda haske ke fita daga fitila ko rana, ya bugi bango, ya dawo kan fuska, ya shiga ruwa. Tsofaffin wasanni zanen inuwa suke yi tun kafin ka fara wasa, kamar fentin bayan dandamali. PS5 tana iya bin sawun, amma da kyar, shi ya sa wasanni da yawa ke sa ka zaɓi tsakanin kyan hoto da saurin hoto 60 a daƙiƙa.

Yanzu bari in sa wuyana, don mai sukar hasashen wasu bai kamata ya ɓoye nasa ba. Ku ajiye wannan sakin layi, ranar da Sony ta yi magana ku zo ku tuhume ni da shi.

AMD ce za ta yi ƙwaƙwalwar, wannan ko gardama babu. Lokacin fitowa, tazarar da aka saba shekara bakwai ce: Nuwamba 2006, Nuwamba 2013, Nuwamba 2020. Lissafi ya ce ƙarshen 2027. Amma ni na fi karkata ga 2028, saboda tsadar ram, da kuma cewa takardun Microsoft na waccan shari'a 2028 suka ambata a matsayin farkon sabon zango. Ram ba za ta gaza giga 24 ba kuma ba za ta wuce 32 ba. Wutar da za ta sha ba za ta yi nisa da ta PS5 ba. A zanen hoto na yau da kullum ina sa ran ninki biyu zuwa uku na PS5, wanda bai kai tsallen da aka yi daga PS4 mai teraflof 1.84 zuwa PS5 ba. Inda za a ga babban tsalle shi ne bin sawun haske da cike hoto, kuma a kan waɗannan za a gina tallar. In an ambaci 8K, a ƙasan takarda za a ambace shi. Za ta ci wasannin PS5 da na PS4, domin Sony ba za ta saki mutanen da suka tara wasanni a asusunsu su tafi wani gida ba. Wurin saka faifai zai zama abin da ake saya daban a maƙala, kamar yadda aka fara tun 2023. Farashi kuwa, ban ga yadda zai sauka ƙasa da dala 599 ba.

Ta ina zan iya faɗuwa? Ta ram ɗin nan dai da na jingina da ita. Kasuwarta hawa da sauka take yi tun fil azal, in guguwar ƙirƙirarriyar basira ta lafa, masana'antu suka wayi gari da kaya jibge, Sony za ta iya maimaita abin da ta yi a 2013 ta ninka ram a ƙurarren lokaci. Haka kuma tana iya zaɓar ta yi asara mai yawa a kan kowace na'ura don ta kama kasuwa, tunda ribarta ta gaske daga wasanni da kuɗin rajistar wata-wata take zuwa. Sai dai wanda ya sha ɗacin PS3 ba na jin zai sake kurɓa da son ransa. Akwai kuma batun na'urar hannu, wadda jaridar Bloomberg ta ruwaito a ƙarshen 2024 cewa Sony na aiki a kanta. In ta tabbata, kuma aka ce kowane wasa sai ya yi aiki a kanta, to ƙaramar ce za ta riƙa ja wa babbar birki. An ga haka a gidan Xbox a 2023, lokacin da Baldur's Gate 3 ya makara zuwa saboda ƙaramar Series S ta kasa ɗaukar wasan mutum biyu a allo ɗaya.

To me na gaya wa ɗan yayata?

Na fara da tambayarsa abin da yara ke bugawa a shagonsa. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai ka sani, ƙwallo ce. Sai ɗan Mortal Kombat da GTA in an gaji." Na ce to mu bi tarihin ƙwallon. PS3 ta fito a 2006, amma PS2 ta ci gaba da samun sabuwar FIFA da PES har 2013. PS4 ta fito a 2013, PS3 ta samu FIFA har ta 2018. PS5 ta fito a 2020, kuma EA Sports FC 26, da aka fitar a watan Satumba 2025, har yanzu akwai na PS4, na'urar da ta shekara goma sha biyu. Kamfanin wasa ba ya barin mutum miliyan ɗari ya bi miliyan biyar. Ko da PS6 ta fito a 2027, duk alamu sun nuna mai PS5 zai ci gaba da samun sabuwar ƙwallo shekaru da dama bayan haka. Ga kuma GTA VI, wanda Rockstar ta ɗage zuwa 19 ga Nuwamba 2026: PS5 da Xbox Series aka ce zai hau, babu PS4 a lissafin. Ranar da ya fito, shagon da ke da PS5 a unguwa shi yara za su cika.

Sannan na tuna masa cewa dala 599 a Amurka ba ita ce kuɗin da zai biya a nan ba. Naira da ke wajen 460 a dala a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, ga kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa, ga kuma abin da ya faru a 2020 da 2021, lokacin da PS5 ta yi ƙaranci 'yan sari suka riƙa sayar da ita kusan ninki biyu. Shago irin nasa ba a shekarar farko yake sayen sabuwar na'ura ba, sai ta kwana biyu ta fara shigowa a ta hannu. Jiran PS6 a wurinsa jiran shekara huɗu ne ko biyar, kuɗin kuma suna ajiye naira tana cin su.

Abu ɗaya na ja masa kunne a kai: ya sayi mai cin faifai, ko da ta fi tsada. Wasannin yanzu wani ya haura giga 100, sauke irin wannan da datar waya kuwa sai mai ƙarfin hali, faifai kuma in an gama da shi ana musanyawa ko a sayar. Na kuma ce kada ya sayar da PS4 ɗinsa duka, ya bar biyu suna aiki, tunda wutarsu ba ta kai ta sabuwar ba, man janareta kuma tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san yadda yake.

Ya ce zai sayi ɗaya tukuna ya ga yadda yara za su karɓi ƙarin kuɗin wasa, ragowar kuɗin kuma ya sa batir da sola. Na ce wannan lissafin ya fi nawa.